Tauren da Na Kai wa Baffa Bitrus

Tun da na dawo kunnena bai huta ba. In na zauna a bakin shago sai wani ya ce, "Habu, wai da gaske ka shiga coci?" In na fito masallaci, kafin in zura takalmi wani ya riƙe min hannu: "An ce har Nijar ka tsallaka da taure a bayan babur?" Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda ya ji sai ya ƙara gishirinsa kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya. Mai so ya karanta, ni kuma a bar ni in ci gaba da gyaran injinan niƙana.

Ga wanda bai san gidanmu ba, kakanmu Bamaguje ne, bai yi salla ba har ya bar duniya. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babana ya musulunta tun yana saurayi a nan Gagarawa, daga baya mahaifiyarsu ta bi shi. Ƙanensa kuwa, wanda ake kira Auta, ya yi wata doguwar jinya a hannun 'yan mishan, ya dawo da suna Bitrus, ɗan Katolika. Haka suka zauna gida ɗaya, kowa da abin da yake bi, har ranar da aka binne mahaifiyarsu. A bakin kabari Baffa ya durƙusa ya fito da carbinsa mai gicciye. Baba ya fizge shi a gaban jama'a, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan. Ina da shekara goma lokacin, kuma da idona na ga Baffa ya ɗaure kayansa a keke. Yau shekara talatin da biyar ke nan.

Bana Baba ya kwanta. Ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, idon ma sai a hankali. Ana gobe za a ɗauki azumi, bayan la'asar, ya sa aka kira ni.

"Habu, ka nemo min Auta."

"A ina, Baba?"

"Da na sani, da kai zan tambaya? Ka fara da cocinsu na Gumel. Ni dai ban ga alamar zan ga sallar nan ba, kuma ba na so in tafi da shi a wuyana."

Sai ya gaya min yadda ake yi a gidanmu tun kakanni. In ka ɓata wa ɗan'uwa ɓaci mai girma, ba da baki ake fara ba shi haƙuri ba. Taure ake yankawa, a dafa, a ajiye a gabansa, ba a cewa uffan. In ya sa hannu, magana ta mutu. In ya ture kwanon, sai ka ɗauki takalminka. Na ɗan yamutsa fuska, ya gane. "Ba tsafi ba ne, abinci ne," in ji shi. "Shi zai gane. Kai dai kada ka yi surutun nan naka."

Ranar Laraba, ɗaya ga azumi, na buga babur da sanyin safiya na nufi Gumel. Ashe coci ba ɗaya ba ce. Wanda na fara tambaya ya kai ni wata inda ake ta kaɗe-kaɗe, mai gadin ya ce min su ba Katolika ba ne, in ƙara gaba. Na isa ta biyu daidai lokacin da mutane ke fitowa. Wata mata ta zo wucewa ta gabana, ta sha ado, amma ga baƙi dumu-dumu a goshinta. Na ce a raina, haba, ai ba a bar mutum ya shiga kasuwa haka ba. Na zaro hankici na ce, "Madam, kin shafo gawayi."

Ta dube ni, ta dubi hankicin, sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Na ɗaga kai, tabɗijam! Kowa da nasa, maza da mata, tsofaffi da 'yan makaranta, har da wani mai kayan sarki. Kunya ta kama ni na rasa inda zan cusa hankicin.

Ita ce ta kai ni wurin katakis, wato mai koyar da addini da ke taimaka wa Fada, limaminsu. Dattijo ne gajere, Hausa a bakinsa kamar ta Kano. Ya ce min yau Larabar Toka ce, ranar da su ma suke fara azuminsu na kwana arba'in kafin Ista. Tokar kuwa ta ganyen dabinon bara ce, wanda suka riƙe a wata Lahadi, kowa ya ajiye a ɗakinsa, sai shekara ta zagayo a tattaro a ƙona. Fada yana shafa wa mutum yana tuna masa cewa daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma. Wannan ta shige ni, don ko shekaranjiya abin da liman ya faɗa mana ke nan a wajen jana'iza.

Na tambaye shi yaya azumin nasu yake. Ya ce yau mutum sau ɗaya zai ci ya ƙoshi, amma yana iya shan ruwa.

"Azumi da shan ruwa? Ai wannan hutu ne, Malam."

Ya yi murmushi ya dubi haƙorana. "Kana cin goro, ko? To, kowa a cikinmu yana zaɓen abin da ransa ya fi so ya bar shi har kwana arba'in, dare da rana. Ka gwada da goro, ka zo mu yi maganar hutu." Ya kama ni, don ni ko buɗa-baki da goro nake rufe shi. Ya ci gaba, "Sannan ana yawaita sadaka, ana zuwa a furta zunubi a gaban Fada. Ranar Juma'a kuma..."

Nan na katse shi, hankalina yana kan rana da ke ɗagawa. Na ce ni fa Bitrus nake nema, wani tsoho mutumin Gagarawa. Ya san shi sarai. Ya ce da yakan zo da keke daga Maigatari duk Lahadi, amma ya kwana biyu bai gan shi ba. Ya ce in tambayi wani ɗan cocinsu mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa.

Na kwana a Gumel wurin wani abokin sana'ata. Matarsa ta dama kunun tsamiya da ya fi na gidana, amma kada wanda ya kai wannan magana gida.

Alhamis na shiga Maigatari, ranar kasuwa. Wanda bai taɓa zuwa ba, ba zai gane ba. Raƙuma, shanu, manyan motoci suna huci, masu babura suna ratsa mutane kamar ba za su mutu ba, ga ƙishirwar azumi na biyu da ta fi ta farko ciwo. Na sauka wurin wani fatoma, irin masu saukar da baƙin kasuwar dabbobi, shi ya zaɓar min jan taure mai kyau. Kyan gani kawai gare shi, hali kam babu. Mai kayan babur ɗin kuma ya ce Baba Bitrus ya tsallaka wani ƙauye can cikin Nijar, wajen wasu 'yan'uwansu Kirista manoma. Na ɗaure tauren a baya na kama hanya.

A bakin iyaka wani jandarma dogo, ɗan sandan Nijar, ya tsayar da ni. Na miƙa masa takardun babur, ya juya su, ya dawo min da su, na soke a aljihun baya. Sai ya zagaya ya tsaya kan tauren, ya kira ni da "Mushe", wato yallaɓai a Faransancinsu.

"Mushe, shi wannan fa, ina kartinsa, takardar shaidarsa?"

Na buɗe baki zan fara zafi, sai na ga abokan aikinsa suna ƙunshe dariya. Ina juyawa, ashe tauren ya zaro takardar daga aljihuna yana taunar gefenta. Muka yi ta kokawa ni da shi, jandarma yana cewa in bar shi, ai yanzu ya samu karti a ciki. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya daina wasa. Ya ce shi ma yana da wan da ba sa magana. Ya ɗaga min igiya ya ce, "Allah ya daidaita."

Ƙauyen ba shi da nisa, amma rairayi ya sa na yi ta tura babur. Gidan Kirista huɗu ne ko biyar a gefen gari. Wata tsohuwa ta fito, tana ganin yadda nake haki ta ruga ta kawo ruwan randa a ƙwarya. Sai da ta miƙo ta tuna, ta dafe ƙirji: "Wayyo, ɗana, gafara, kuna azumi! Mu ma muna karem, amma namu bai hana ruwa ba." Wallahi sanyin ƙwaryar nan har yau ina jin sa a tafin hannuna. Ta ce Bitrus ya tashi tun bayan girbi, ƙafa ta dame shi, 'yarsa Saratu ta zo ta ɗauke shi. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar.

Sule Tankarkar! Inda nake zuwa gyaran inji kusan duk wata. Na tsallaka ƙasa guda ina neman mutumin da ke bayan gidana. Tsohuwar ta ƙulla min dabino a gefen leda ta ce in sha ruwa da shi.

Na koma Maigatari na sauka a zauren fatoman nan, tare da wasu Buzaye masu raƙuma. Da aka kira magariba suka baje taliya da mai da yaji, sannan aka shiga shayin nan nasu mai ɗaci, ƙaramin kofi sau uku. Mu a gida kunu da ƙosai ne buɗa-baki, su kuwa in ba a yi shayi ba kamar ba a sha ruwa ba. Tauren ya yi ta kuka a waje, wani daga cikinsu ya ce in ban yanka shi gobe ba shi zai taya ni.

Juma'a da hantsi na isa ƙauyen. Aka nuna min gidan ma'aikaciyar asibiti. Na yi sallama, sai ga wani tsoho ya fito yana dogara sanda. Baba ne sak, har yadda yake karkata kai in zai dubi mutum. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan wane ne?"

"Habu ne, Baffa. Daga Gagarawa."

Ya ƙura min ido. Sannan ya ce, "Yana raye?"

"Yana raye, amma yana kwance."

Ya gyaɗa kai, ya sa aka shimfiɗa min tabarma, ya yi ta tambayata mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun mutu. Bai tambayi abin da ya kawo ni ba, ni ma ban faɗa ba. Tauren kuwa na riga na ɓoye shi a gidan maƙwabcinsu, wani malami mai mutunci. Bayan an sauko Juma'a na yanka, na roƙi iyalinsa su dafa min kafin magariba. Malamin ya ce, "Wa Baba Bitrus? Yau? Anya kuwa..." Na ce, "Malam, saƙon mahaifina ne, yau ya kamata." Ni kuma ban tambayi dalilin anyar ba.

Da la'asar Baffa ya ce za shi Hanyar Gicciye, na ce bari in kai shi a babur saboda ƙafar. To, masu tambaya ko na shiga coci, ga amsarku: a bakin taga na tsaya. Ɗan ɗaki ne mai rufin kwano, mutanen ba su fi ashirin ba, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da wasu manoma. An jera hotuna goma sha huɗu a bango, na wahalar da suka ce Annabi Isa ya sha. Sai su tsaya gaban hoto, a karanta wani abu, su durƙusa, su tashi, su matsa na gaba. Babu ganga, babu tafi, ban taɓa zaton ana ibada shiru haka a coci ba. Idona yana kan Baffa. Duk durƙuson da zai yi sai ya dafa sanda ya cije leɓe, wata mata ta turo masa benci ya ƙi zama. Sau goma sha huɗu, na ƙirga. Na tuna Baba yadda yake dagewa sai ya kai goshi ƙasa ko da ana riƙe da shi, na ce taurin kan nan dai na gida ne.

Da aka kira magariba na sha ruwa, na yi salla, na ɗauko kwanon da kaina. Saratu ta dawo daga aiki, mun gaisa, tana tsakar gida. Na ajiye kwanon a gaban Baffa, na buɗe, na ja da baya na zauna, ban ce uffan ba.

Ya dubi naman. Daga kallon na san ya gane. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauki murfin ya rufe kwanon a hankali, ya ɗan tura shi gefe.

"Ɗana, yau Juma'a ce."

Jama'a, kun san ni. Juma'a? Mu a wurinmu in akwai ranar cin mai kyau ai Juma'a ce. Na ɗauka hanya ce kawai ya samu ta ƙi. Na tuna tsohon da na baro kwance yana ƙirga kwanaki, na tuna rairayin da na ratsa da bakin azumi. Na miƙe na ce, "Baffa, da ka ce ba ka yafe ba kawai, ya fi wannan. Kun wuni kuna durƙuso, ashe zuciyar tana nan yadda take. Zan gaya masa ya mutu da abinsa." Na figi takalmina na fita. Allah ya yafe min wannan magana.

Ina kiciniyar tayar da babur, ya ƙi tashi, sai ga Saratu. Ba ta ɗaga murya ba, amma idonta ya yi ja.

"Yaya Habu, ka gama?"

"Na gama."

"To, saurara. A azumin nan ba ma cin nama ranar Juma'a, ko yanki ɗaya, don ranar ce muka yi imani an gicciye Yesu. Wake muke ci, ko kifi in an samu. Shekarunsa sun ɗauke masa azumi, amma ba su ɗauke masa wannan ba. Ba wanda ya gaya maka?"

Sai katakis ɗin Gumel ya faɗo min a rai, da bakinsa a buɗe lokacin da na katse shi. Ga kuma anyar malamin.

Ta ce, "Tun ina yarinya, duk azumi, in ya je furta zunubi abu ɗaya yake kaiwa. Shi da kansa yake gaya mana: ya kasa daina jin haushin wansa. Kowace shekara sai ya ce bana zai je Gagarawa, sai ya kai tasha ya dawo, wai tsoron kada a sake korarsa a gaban mutane. Shekara talatin da biyar yana jiran kwanon nan, ka kawo shi a rana ɗaya tilo da ba zai iya sa hannu ba. Shiga ka ga yadda ka bar shi."

Na shiga. Yana zaune inda na bar shi, ya jawo kwanon ya rungume a cinya, hawaye yana bin gemunsa. Na zube a gabansa na ce, "Baffa, na yi wauta, ka yafe min." Ya dafa kaina ya ce, "Bakin ubanka ne da kai. Tashi ka ci tuwo." Miyar kuka ce da wake, ita muka ci mu uku, Saratu kuma ta juye naman a tukunya ta sake tafasa shi don kada ya lalace.

Asabar da safe na ɗauko tukunyar da rawar jiki na dire a gabansa. Ya dube ni ya yi dariya, karo na farko.

"Jiya kai kana iya ci, ni ba na iyawa. Yau ni ina iyawa, kai kana azumi. Haka za mu yi ta yi? Kuma ma wa ya ce maka da ɗan aike ake cin wannan nama? Saratu, ɗauko min babbar rigata."

Haka muka taho, shi a baya da tukunya a ɗaure cikin zane a kan cinyarsa, ni ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mun tsaya a Gumel ya huta. Da muka wuce Gagarawa Tasha na ji ya ƙanƙame min riga, bai sake ta ba har ƙofar gida.

Mun iso ana gab da shan ruwa. An fito da Baba tsakar gida an jingina shi da bango. Na yi sallama na ce, "Baba, ga baƙo." Ya karkata kai yana ƙoƙarin gani. Baffa ya tsaya a bakin zaure, ƙafarsa ta ƙi shiga.

"Auta ne?"

"Ni ne, Yaya."

Na san Baba ya yi kwanaki yana shirya abin da zai faɗa, amma ko ɗaya bai fito ba. Da hannunsa mai lafiya ya yi ta bubbuga tabarma a gefensa, har Baffa ya tako ya zauna. Aka kira salla, aka ba Baba ruwa, aka ɗumamo naman aka ajiye a tsakaninsu. Baffa ya sa hannu ya ɗauki yanka ɗaya ya ci. Ya ɗauki na biyu, ya yayyaga shi ƙanana, ya sa wa wansa a baki. Matan gida suna leƙe ta bayan zana suna sharɓe, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Sun daɗe suna ci. Can Baba ya share baki ya ce, "Auta, gobe Lahadi ko?"

"Lahadi ce, Yaya."

"Ƙarfe nawa kuke shiga?"

Baffa ya dube shi ya ce, "Takwas."

Baba ya juyo inda yake jin motsina.

"Habu, ka zuba mai a babur ɗin nan tun yau. Kada ka sa ƙanena ya makara."